Yadda ake bin sawun gimbiyoyin Bohemiya na dā

Masu rubuta tarihin Bohemiya, ƙasar da a yau ta zama babban ɓangaren Jamhuriyar Czech, maza suka fi sa wa ido. Mace sai ta leƙo a layi guda, an aurar da ita ga wane, daga nan shiru. Abin yana ci mini rai, domin sau da yawa wannan auren ne ya sauya wanda zai hau gadon sarauta. Ga hanyar da nake bi in na ɗauki gimbiya guda ina son sanin rayuwarta.

Ka fara da zana jerin zuri'ar a takarda, ka sa shekarar haihuwa gefen kowane suna, saboda sunayen suna maimaituwa. A farkon ƙarni na 14 akwai Elizabeth biyu a fadar Prague: Eliška, 'yar Sarki Wenceslas na II, da matar ubanta Elizabeth Richeza, 'yar Poland. Tazarar shekarunsu kaɗan ce, kuma ba sa ga maciji da juna. Wanda ya cakuɗa su ya ɓata tun daga farko.

Sai ka tambayi kanka abin da kowane gida ya samu a auren. A 1306 aka kashe Sarki Wenceslas na III a Olomouc, gidan Přemysl, wato zuri'ar da ke sarautar Bohemiya, ya rasa magaji namiji. A 1310 aka ɗaura wa 'yar'uwarsa Eliška aure da John na Luxembourg a garin Speyer, tana da shekara 18, shi yana da 14. Ta hannunta sarauta ta koma gidan Luxembourg, kuma ita ta haifi Charles na IV a 1316. Amma kada ka tsaya a ranar biki, nan mafi yawan littattafai ke sallamar mace. A 1319 mijin nata ya kai wa ganuwar Loket, inda take zaune, farmaki, ya raba ta da 'ya'yanta, yana zarginta da shirya masa maƙarƙashiya. Ta rasu a 1330, ba ta kai arba'in ba.

Abin da na fi amfana da shi shi ne bin dukiya. Sarauniyoyin Bohemiya suna da garuruwan da aka keɓe musu, su ci kuɗin shigarsu, musamman bayan mutuwar miji. Richeza ta zauna a Hradec Králové tana gudanar da fadarta, daga baya a 1323 ta gina gidan mata 'yan zuhudu a Brno. Takardun kyauta da na gine-gine irin waɗannan sun fi labarin fada nuna abin da mace ta zaɓa da kanta.

Ka kula da auren da bai yiwu ba. An yi wa Agnes, 'yar Sarkin Bohemiya Ottokar na I, baiko da Henry ɗan Sarkin Sarakuna Frederick na II, sai a 1225 aka aura masa Margaret ta gidan Babenberg. Agnes ta ƙi sauran manema, ta kafa gidan zuhudu da asibiti a Prague, ta shige a 1234. Wasiƙu huɗu da Clare ta Assisi, wata shugabar mata 'yan zuhudu a Italiya, ta rubuto mata suna nan har yau.

Kowane labari ka karanta, ka duba wa ya rubuta shi. Kundin tarihin Zbraslav yana tausaya wa Eliška, to amma mahaifinta ne ya gina gidan zuhudun da aka rubuta shi.

Wadda aka kai wata ƙasa kuwa, ka bi ta can. Markéta, wata 'yar Ottokar na I, wadda ta auri Sarkin Denmark Valdemar na II a 1205, sunanta Dagmar a Denmark, da wannan sunan za ka same ta, kabarinta yana Ringsted. Anne, 'yar Charles na IV, ta auri Richard na II na Ingila a 1382, a kundayen Ingila za ka neme ta, tana kwance a Westminster tun 1394.