Noman ganyen miya a buhu a gidan haya na Legas

Tumatir da tattasai da albasar da ake saukewa a kasuwar Mile 12 daga Kano, Zariya ko Jos suke zuwa, kuma babu wani buhu a bayan ɗaki da zai maye gurbin tirela. Waɗannan a bar wa kasuwa. Abin da ya dace mazaunin Agege ko Idi-Araba ya noma da hannunsa shi ne ganye. Shi ya fi saurin yaushi bayan tsinka, shi wasu masu lambu ke yi wa feshi har gab da girbi, wani ma da ruwan kwata ake yi masa ban-ruwa. Buhu shida zuwa takwas sun isa uwargida ta riƙa tsinkar na miya sau biyu a mako.

Kafin komai a nemi wurin da rana ke bugawa awa biyar zuwa shida, sannan a shaida wa mai gida. Buhun shinkafa mai kilo 50 ko na abincin kaji ya yi, haka ma bokitin fenti mai lita 20 idan an wanke shi tas. A naɗe bakin buhun ya dawo zurfin santimita 30 don ganye, 45 don kuɓewa da attaruhu. A huda gindinsa wuri takwas zuwa goma, a ɗora shi kan bulo biyu. Bulon nan ba ado ba ne: ruwan Yuni da Yuli kan kwanta a tsakar gida, kuma saiwar da ta kwana biyu cikin ruwa ruɓewa take yi. Mai zama a bene ya tuna cewa cikakken buhun da ya sha ruwa ya fi buhun siminti nauyi, don haka a jera su jikin bango, kada a tara su a bakin baranda.

Ƙasa da taki

A nan aikin yake gyaruwa ko ya lalace. Ma'aunin shi ne bokiti uku na baƙar ƙasa, ɗaya na ruɓaɓɓen taki, ɗaya na yashi. Ƙasar unguwanni da yawa a Legas dama mai yashi ce, to sai a bar yashin. Gwajin mai sauƙi ne: a jiƙa ƙasar, a dunƙule ta a hannu. Idan ta dunƙulu amma ta farfashe da an taɓa ta da yatsa, ta yi. Idan ta manne kamar yumɓu, a ƙara yashi. Idan ta ƙi dunƙuluwa, taki ne ya yi mata kaɗan.

Kada a ɗebo ƙasa daga bakin kwata, garejin makanikai, wurin masu gyaran batir ko inda ake ƙona shara. Dalma da baƙin mai suna zama a irin wannan ƙasa shekara da shekaru, ganye kuma yana iya ɗaukarsu. Wanda ya shuka alayyahu a can bai ci riba ba, ko da bai taɓa yin feshi ba.

Taki kuwa ba ya wuya: kashin shanu a wajen mayankar Oko-Oba, na tumaki da awaki a kowace kara, musamman bayan Babbar Sallah, na kaji a wurin masu kiwo. Kuskuren da aka fi yi shi ne zuba shi ɗanye. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone saiwa cikin kwanaki, ɗanyen taki kowane iri kuma yana ɗauke da ƙwayoyin cutar gudawa da ƙwan tsutsar ciki, waɗanda ruwan sama ke fantsamawa kan ganye. A tara shi wuri guda, a cakuɗa da busasshen ganye da ɓawon kayan miya, a yayyafa ruwa, a rufe da leda mai kauri, a riƙa juyawa duk mako har sati shida zuwa takwas. Ya nuna idan zafinsa ya tafi, ya yi baƙi, warinsa ya koma ƙanshin ƙasa. Garin katako ba ya wuya a gari, amma sabonsa yana janye abincin shuka kafin ya ruɓe. A shimfiɗa shi a sama don riƙe danshi, kada a cakuɗa shi a ciki.

Abin da za a shuka

Sabon shiga ya fara da alayyahu. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, sai a gauraya rabin ƙaramin cokali da yashi cikin tafin hannu, a barbaɗa, a rufe da ƙasa ɗan kaɗan. Wanda aka binne da zurfi ba ya fitowa. Yana tsirowa cikin kwana uku zuwa biyar. Bayan sati biyu a rage shi, a bar tazarar santimita 10. A sati na huɗu ko na biyar a yanka, a bar kututture kamar tsawon ɗani, zai sake tohowa a yanka duk bayan sati biyu har sau uku ko huɗu.

Lalo, wanda Yarbawa ke kira ewedu, yana ba mutane haushi don sai a shuka a yi ta jira shiru. Ɓawon irin ne mai tauri. A ƙulle shi a ƙyalle, a tsoma cikin ruwan da aka sauke yanzu daga wuta na daƙiƙa 10, a mayar cikin ruwan sanyi, a shanya a inuwa, a shuka washegari. Idan ya daɗe a ruwan zafin, an dafa shi ke nan.

Irin ugu, ganyen miyar nan mai yaɗo, ba ya ajiyuwa, sabo ake shukawa, biyu a buhu, kan mai tsinin yana kallon ƙasa, a kafa masa sanda ko igiya ya hau. Kuɓewa a jiƙa ta kwana, a shuka uku a zurfin santimita 2, a bar ɗaya mai ƙarfi. Tana fara 'ya'ya wajen sati na takwas, kuma sai an riƙa tsinka duk kwana biyu, in ba haka ba ta ƙosa ta rage haihuwa. Attaruhu a rene shi sati shida kafin a dasa, ɗaya a bokiti. Zogale na son rabin duro, a sare kansa idan ya kai mita ɗaya don ya yi rassa.

Tumatir dai a yi haƙuri da shi a damina. Danshin Legas na jawo masa cutar ganye da wata mai sa shi yaushi farat ɗaya alhali ƙasa na jiƙe. Idan haka ta faru, a yanki karan a tsoma a kofin gilas mai ruwa. In wani farin zare mai kamar madara ya riƙa sauka, cutar ce, ba ta da magani. A tuge, a zubar da ƙasar, kada a sa attaruhu ko gauta a ciki domin danginsu ɗaya. Mai son gwadawa ya dasa a Nuwamba.

Daga Disamba zuwa Maris kowane buhu na shan lita biyu zuwa uku da safe. A cusa yatsa: in akwai danshi a gaɓa ta biyu, a bari sai gobe. Ruwan rijiya mai gishiri, irin na unguwannin bakin ruwa, yana ƙone gefen ganye ya bar fari-fari a saman ƙasa. Ruwan sama ya fi, amma a rufe duron saboda sauro. Ban da ruwan wanki.

Takin zamani da feshi

Idan ganyen ƙasa ya fara yin rawaya alhali buhu na tsane ruwa, yunwa ce. A ƙara ruɓaɓɓen taki cikin tafi biyu, ko a binne takin zamani na NPK 15-15-15 cokalin cin abinci ɗaya, tazarar yatsu huɗu daga kara. Takin zamani a wannan ma'auni ba guba ba ne, kuma alayyahun da ya ci shi bai gaza na takin gargajiya wani abin a zo a gani ba wajen gina jiki. Fifikon na gargajiya shi ne yana gyara ƙasa ta riƙe ruwa. Haɗarin gaske yana wajen maganin ƙwari da ƙazamin ruwa.

Katantanwa da tsutsa da hannu ake tsince su, da dare a haska fitila. Toka a kewayen buhu tana rage katantanwa har sai ruwa ya wanke ta. Don darɓa da farin ƙuda, a daka ƙwallon darbejiya gram 500, a jiƙa a ruwa lita 10 ya kwana, a tace da ƙyalle, a narka ɗan sabulu, a fesa da yamma har ƙarƙashin ganye, duk mako. Rana na kashe ƙarfinsa, shi ya sa ba a fesawa da hantsi, ba a kuma ajiye wanda ya rage. Idan sai an sayi na kanti, a duba lambar NAFDAC, a karanta kwanakin da aka ce a jira kafin girbi, a cika su. Kada a bar maganin ƙwari na Sniper ya kusanci abinci. Sinadarin da ke cikinsa ne ya sa Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen waken Najeriya a 2015.

A kasuwa ido ba ya bambance wanda aka yi wa feshi. Hujin tsutsa ba shaida ba ne, haka ma rubutun "oganik" (wato an noma ba da takin zamani ko maganin ƙwari na kanti ba) a leda idan ba a san gonar ba: ba girin-girin ba, ta yi mai. A zubar da ganyen waje, a wanke sau uku ana sauya ruwa tun kafin a yanka, domin wankin bayan yanka yana tafiya da sinadaran gina jiki. Wanki na rage datti da feshin da ke saman ganye, amma ba ya fitar da wanda ya shiga jiki. A sa ganye a ƙarshen girki, minti biyar ya isa, a kuma rage kanwa a miyar lalo da kuɓewa don tana lalata bitamin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar gram 400 na kayan lambu da na marmari a rana ga baligi.

Bayan zagayen shuka biyu a juye buhu, a duba saiwa. Idan ta yi ƙulle-ƙulle kamar carbi, ƙananan tsutsotsin ƙasa ne. A baza ƙasar, a jiƙa, a rufe da farar leda a rana sati huɗu zuwa shida, a ƙara taki bokiti ɗaya, sannan a sa alayyahu inda aka cire kuɓewa. Buhun da rana ta cinye ya fara marmashewa, a sauya shi a wannan lokacin.