Darasi na Bakwai: Shirin Ɗaukar Mai Zanen Tambarin Kasuwanci

Tambari shi ne alamar da mai saye yake gane kayanka da ita tun kafin ya karanta sunanka. Amma aikin mai zane bai tsaya ga tambari ba. Shi ne zai zaɓi launukan da za su riƙa tafiya da kasuwancinka, da salon rubutu, da yadda za a jera su a kan kwali, allo, rasit, kati da shafin intanet. Yawancin rigimar da ke tashi tsakanin mai kasuwanci da mai zane takan samo asali ne tun kafin a ja layin farko, saboda mai kasuwanci ya zo bai san abin da yake so ba. Wanda ya je wurin tela babu awo, ba zai yi ƙorafi ba idan riga ta matse shi.

Abin da za ka rubuta kafin ka nemi kowa

Ka samu takarda shafi ɗaya, ka cika ta da hannunka. Fara da sunan kasuwancin, a rubuce daidai yadda kake so ya fito, harafi bayan harafi. Kada ka ba da aikin zane alhali kana shakkar sunan, domin sauya suna bayan an gama yana nufin sabon aiki da sabon biya. Ka kuma bincika a ofishin rajistar alamun kasuwanci na ƙasarka ko wani ya riga ka. Ƙasashe da yawa suna bin tsarin da ya kasa kaya da ayyuka rukuni 45, wato 34 na kaya da 11 na ayyuka, don haka ka san rukunin da sana'arka ta faɗa kafin ka je.

Sai ka rubuta wanda yake sayen kayanka. Kada ka ce "kowa da kowa". Mai zane ba zai iya yi wa kowa da kowa zane ba. Ka faɗi shekarunsu, abin da suke nema, da dalilin da zai sa su zaɓe ka su bar na kusa da kai. Ka ambaci abokan gogayya uku, ka ɗauki hoton tambarinsu, don kada naka ya fito kamar ƙanen nasu.

Sashen da aka fi mantawa shi ne wuraren da tambarin zai hau. Ka lissafa su duka tare da girmansu: allo mai faɗin mita 2, hatimi mai santimita 4, takardar da ake liƙa wa kwalba, aljihun rigar ma'aikata, hoton shafin WhatsApp. Wannan lissafi yana sauya zanen kansa. Tambarin da za a ɗinka da zare ba ya ɗaukar siraran layuka, wanda za a sassaƙa a hatimi kuma ba ya ɗaukar launin da ke narkewa cikin wani launi. Idan mai zane bai san da waɗannan ba, zai kawo abin da ya yi kyau a fuskar kwamfuta, ya lalace a kan kaya.

Ka tara tambura biyar da suka burge ka da biyar da ba ka so, ka rubuta dalili a gefen kowanne. A ƙarshen shafin ka sa kuɗin da ka ware, ranar da kake bukatar aikin, da sunan mutum ɗaya tak da zai yanke hukunci. Idan kuna da yawa a kasuwancin, ku yi shawara a tsakaninku, amma baki ɗaya ne zai yi magana da mai zane.

Zaɓen mai zane

Ka nemi ganin ayyukansa a inda ake amfani da su, a kan allo ko kwali na gaske. Ka yi magana da mutum biyu da ya taɓa yi wa aiki, ka tambaye su ko ya cika alkawarin lokaci, da yadda ya karɓi gyara. A zamanku na farko ka lura da yawan tambayoyinsa. Ƙwararre zai tambaye ka game da masu sayenka kafin ya tambaye ka launin da kake so.

Wanda ya ce zai gama cikin awa ɗaya a kan ɗan kuɗi, sau da yawa zanen da ke ajiye a manhaja zai ɗauko ya sa sunanka. Araha ba ta ado. Irin wannan zane wasu mutane da yawa suna amfani da shi, kuma da wuya ka iya yi masa rajista a matsayin naka. Kai ma kada ka nemi a yi maka samfuri kyauta kafin ka yanke shawara. Tunanin da ke cikin samfuri shi ne ainihin aikin, kuma biyansa ake yi.

Yarjejeniya a rubuce

Ko da ɗan'uwanka ne, a rubuta. Takardar ta faɗi abubuwan da za a miƙa maka ɗaya bayan ɗaya, yawan samfuran farko (biyu ko uku ne aka saba), yawan zagayen gyara kafin a fara cajin ƙari, da ranar kowane mataki. An saba biyan rabin kuɗi a matsayin kafin alƙalami, sauran rabin kuma ranar miƙa aiki. A kuma rubuta abin da zai faru idan ɗayanku ya janye a tsakiya.

Layin da ya fi kowanne nauyi shi ne na haƙƙin mallaka. A dokokin ƙasashe da yawa, wanda ya zana abu shi ne mai haƙƙinsa, ko da an biya shi, sai in ya miƙa haƙƙin a rubuce. Saboda haka takardar ta faɗa ƙarara cewa da zarar an gama biya, tambarin ya zama naka, kana iya yi masa rajista, ka sauya shi, ka buga shi inda kake so. Salon rubutu ma yana da mai shi. Wasu kyauta ne, wasu sai an sayi lasisi, wasu kuma kyauta ne ga amfanin kai amma ba na kasuwanci ba. Ka tambayi sunan salon da aka yi maka amfani da shi, da wanda zai biya lasisin, da sunan wanda za a rubuta a kai.

Duba samfuri

Kada ka ba da amsa nan take. Ka kwana da samfurin, ka gwada shi. Ka buga shi a takarda da faɗin santimita 2, ka ga ko sunan yana karantuwa. Ka buga shi da baƙi zalla. Ka liƙa babba a bango, ka ja da baya mita 5. Ka sa shi a hoton shafinka, inda ake yanke hoto ya zama da'ira, ka ga ko gefuna sun tafi. Idan sunan yana da ɓ, ɗ ko ƙ, ka duba su da kyau, domin salon rubutu da yawa ba su da waɗannan haruffa, sai kwamfuta ta aro su daga wani salo su fito daban da sauran. Ka kuma guji tambarin da ya dogara kacokan ga bambancin ja da kore, don akwai mutane, galibi maza, da idonsu ba ya rarrabe su.

Wajen gyara, ka faɗi matsalar, ka bar masa neman mafita. "Ban so shi ba" ba ta taimaka wa kowa. "Sunan ya ɓace da na ja da baya" ko "ya yi kama da na abokin gogayyata" magana ce da zai iya aiki da ita. Ka tattara gyare-gyaren ka aika su a saƙo ɗaya a rubuce. Idan kana turo ɗaya da safe ɗaya da dare, zagayen gyaranka zai ƙare ba ka sani ba.

Ranar karɓar aiki

A nan ne mutane da yawa suke yin asara: a turo musu hoto ɗaya ta waya, su yi godiya, su biya. Hoton JPG ko PNG ɗigo-ɗigo ne aka jera, idan aka faɗaɗa shi don allo sai ya dusashe, gefunansa su yi kaushi. WhatsApp ma yana matse hoto idan ba a tura shi a matsayin fayil ba. Abin da kake bukata shi ne fayil na asali irin na bekta, wanda sunansa ke ƙarewa da AI, EPS ko SVG, ko PDF da aka fitar daga gare su. Shi ana faɗaɗa shi daga girman hatimi zuwa girman bango bai canja ba. Gwajinsa mai sauƙi ne: buɗe shi, ka ƙara girmansa sosai, in gefen haruffa ya tsaya sumul to na gaske ne.

Ka karɓi tambarin mai launi, na baƙi zalla, na fari don ɗorawa a kan duhu, da PNG marar bango, wato wanda babu wani launi a bayan tambarin. Ka karɓi lambobin launuka a rubuce: CMYK na maɗaba'a, RGB da lambar HEX mai alamomi shida na fuskar waya da kwamfuta, da lambar Pantone, wato lambar da masu bugawa suke haɗa tawada da ita don launi ya fito iri ɗaya, idan za a buga kwalaye masu yawa. Fuskar waya da haske take nuna launi, takarda kuma da tawada, shi ya sa shuɗi mai ƙyalli a waya yakan fito a dushe a kan takarda. Hotunan da za su je maɗaba'a su kai ɗigo 300 a kowane inci, kuma a bar rarar milimita 3 a gefuna saboda wuƙar yanka ba ta faɗa wa layi daidai kullum.

Ka nemi 'yar takardar ƙa'ida, ko da shafi biyu ce, mai nuna mafi ƙanƙantar girman da aka yarda, filin da za a bari kewaye da tambarin, da abubuwan da aka hana, kamar miƙe shi ko sauya masa launi. Ita za ka riƙa ba duk wanda zai buga maka wani abu nan gaba. Ka ajiye fayilolin a wuri biyu, ɗaya a filashi ɗaya a imel ɗinka. Kafin ka ba da odar kwali dubu, ka sa maɗaba'a ta buga maka guda ɗaya a kan ainihin takardar da za a yi amfani da ita, ka duba launi da rubutu a hasken rana, sannan ka sa hannu a ci gaba.