Kurakuran da iyaye ke ta maimaitawa wajen saya wa yaro kwamfutar wasa da kuɗi kaɗan

Kullum labarin ɗaya ne. Uba ya yi wata da watanni yana tari, ya shiga shago, a nuna masa akwati mai fitilu kala-kala a ce "Alhaji, i7 ce wannan", ya ƙirga kuɗi ya biya. Kafin sati ya zagayo yaro ya kunna wasan ƙwallo, 'yan wasa suna tafiya suna tsayawa kamar masu ɗingishi. Kuɗin ba su yi kaɗan ba, an dai zuba su inda bai kamata ba.

Kafin a je ko'ina, a tambayi yaron wasan da yake so. Roblox da Minecraft ba sa cin ƙarfi sosai, tsohuwar kwamfutar ofis mai kyau za ta ɗauke su. EA Sports FC 24 kuwa mafi ƙarancin abin da yake nema shi ne katin hoto (sashen da ke zana hoton wasa a allo) GTX 1050 Ti ko RX 570, da RAM (ma'ajiyar aiki ta wucin gadi) 8GB, da filin ajiya 100GB. Amsar yaron ce za ta faɗa maka abin da za ka saya.

Babban ramin da ake faɗawa shi ne sunan i7, wato wani rukunin furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) na kamfanin Intel. Sunan kaɗai ba ya nufin komai, sai an duba zubin. Dubi lambar da ke bayan ɗan layin: i7-3770 zubi na 3 ne, na 2012, i7-4770 zubi na 4 ne, na 2013. Shi kuwa i3-12100, wanda mutane ke rainawa don sun ga "i3", zubi na 12 ne, na 2022, kuma a wasa zai yi wa waɗancan tsofaffin fintinkau. Akwai kuma batun Windows. Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma ba ta amince a hukumance da abin da bai kai zubi na 8 na Intel ko Ryzen 2000 na kamfanin AMD ba. Ni ba na bari a sayi ƙasa da zubi na 8, ko da an karya farashi. i5-8500 ya isa yaro.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne katin hoton da ake haɗawa da irin wannan tsohon i7 ɗin. Za a ce maka "da giraffik, Nvidia, 4GB", ka duba ka tarar GT 730 ne ko GT 710. Waɗannan an yi su ne don su nuna takardun ofis a allo, ba don wasa ba. Gigabait huɗun da ake yi maka kirari da su rumbu ne kawai. Babban rumbu ba ya sa jaki gudun doki. A wasa, katin hoto shi ke ɗaukar mafi yawan aikin, don haka shi ya kamata ya ci kaso mafi tsoka. Al'adata, kusan kashi 40 cikin 100 na kuɗin akwatin nake ware masa. Na hannu masu amfani: GTX 1650, GTX 1660 Super mai 6GB, RX 6600 mai 8GB. In kuɗi sun gaza gaba ɗaya, a ɗauki Ryzen 5 5600G wanda ke da nasa hoton a ciki, yaro ya fara da shi, a ƙara kati shekara mai zuwa. Amma a lura: Ryzen 5 5600 marar G, da duk Intel mai F a ƙarshe, ba sa nuna komai a allo sai da kati.

Sai maganar akwatin wuta, wanda masu gyara ke kira fawa. Don Allah ku daina wasa da wannan. Tsofaffin kwamfutocin ofis irin su Dell OptiPlex da HP EliteDesk suna da arha kuma suna da ƙarko, amma siraran cikinsu fawarsu ba ta cika wuce wat 180 zuwa 240 ba, kuma ba ta da igiyar da ake jona wa kati. Ramin da ake soka kati a madabod, wato babban allon da ake jona dukkan sassa a kai, wat 75 kawai yake bayarwa. RX 580 kuwa wat 185 yake ci, yana neman igiya mai haƙora 8. Me ake yi? Sai a samo 'yar igiyar da ke juya wutar SATA (wadda ake jona wa faifan ajiya) ta koma ta kati, a jona, a ce an gama. Kan SATA bai fi wat 54 yake jurewa ba. Zai yi zafi, roba ta narke, kuma wannan a ɗakin yaro ne, wataƙila da dare. Wanda ya yi maka wannan haɗin bai taimake ka ba. In siririyar kwamfutar ofis ce, a sa mata gajeren kati marar neman igiya: GTX 1650 ƙarami, ko RX 6400, ko RTX 3050 mai 6GB. Kada ka ce za ka canza fawar kawai, da yawa daga cikinsu kan igiyarsu ba irin na kowa ba ne mai haƙora 24. In kuma haɗawa za a yi daga tushe, a nemi fawa mai wat 500 zuwa 550, mai shaidar 80 Plus Bronze, ta kamfani sananne kamar Corsair ko Seasonic. Wadda aka rubuta wa 800W amma ba nauyi a hannu, a ajiye ta.

Ga mu da ake ɗauke wa wuta ba sallama, UPS, na'urar batir da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, wajibi ne, kuma VA da ake rubutawa a jikinsa ba wat ba ne. Mai 650VA wat 360 zuwa 390 yake ɗauka, ga monita ma a kansa. Ni 1000VA zuwa sama nake sawa.

Sauran ƙanana ne, amma suna cin rai. RAM a sa guda biyu masu 8GB maimakon ɗaya mai 16GB, musamman a kan 5600G, domin hotonsa da RAM ɗin yake aiki. A sa Windows da wasanni a kan SSD, faifan ajiya mai sauri, aƙalla 500GB. Tsohon faifai mai juyawa na ajiyar bidiyo ne. Igiyar monita a jikin katin hoto ake jona ta, can ƙasa, ba a jikin madabod ba; yara da yawa sun yi wata suna wasa katin yana zaune a banza. Fitilu da kujera mai ado su jira. Kada a ajiye akwatin a kan darduma ko cikin kabad. Lokacin hunturu a buɗe shi duk wata a hure ƙura da bulowa, ana riƙe da fanka da yatsa don kada ta yi ta juyawa.

A shago kuma kada ka yarda da sitika. A kunna a gabanka, a buɗe Task Manager ka karanta cikakken sunan furosesa da yawan RAM. A sa manhajar GPU-Z, kyauta ce, tana bayyana ainihin katin, har tana rubuta FAKE a gaban wasu jabun. Sannan a kunna wasan da yaron ke so na minti 30, kana kallon zafin kati. In ya haura digiri 85 ya zauna a can, ko allo ya fara fitar da ɗige-ɗige, ko kwamfutar ta mutu da kanta, mayar da kuɗinka aljihu ka leƙa shago na gaba.