Yadda ake gyara tsohon injin babur a yi masa fenti a garejin gida

Fentin inji ba ya ɓarewa haka kawai. Abin da aka bari a ƙarƙashinsa ne ke ture shi: baƙin mai, tsatsa, ko tsohon fentin da ya riga ya saki. Shi ya sa wanki da guga suka fi cin lokaci a aikin nan, feshin kansa bai wuce awa ɗaya ba.

Tsiyaye baƙin mai tun inji na da ɗumi, cire batir, kafireta da salansa, sannan ka sauke injin. Ɗauki hoton kowane sashe kafin ka taɓa shi. Kusoshin murfin gefe tsawonsu ba ɗaya ba ne, don haka zana siffar murfin a kwali ka soke kowace kusa a gurbinta. Doguwa a ramin gajeruwa tana iya fasa kaskon. Wadda ta cije, sa mata sukudireban da ake duka da guduma, kada ka murje kanta.

Tunda injin yana buɗe, duba cikinsa. Sa zoben fistin shi kaɗai cikin silinda, ka daidaita shi da kan fistin, ka auna tazarar bakinsa. A ƙaramin inji mai faɗin silinda kusan milimita 50, sabon zobe kan ba da tazarar milimita 0.15 zuwa 0.35; littafin injinka ne mai maganar ƙarshe. Zuba kananzir ta hanyar shigar mai da ta fitar hayaƙi a kan silinda. In ya tsattsafo ta gefen bawul, sai an goge mazauninsa. Duk gasket da robar tare mai a sake sababbi, domin digo ɗaya ya isa ya ɓata fentin da ka wahala a kai.

Yanzu wanki. Fara da kananzir da burushi, ka biyo da ruwan zafi da sabulun cire maiƙo, ka busar. Kada ka kusantar da soda mai ƙuna ko maganin wanke tanda, suna cin alminiyam su bar shi baƙi da ramuka. Burushin waya na baƙin ƙarfe ma yana barin ɓurɓushinsa a jikin alminiyam, daga baya ya fito da ɗigon tsatsa. Na tagulla ko na roba ya fi. Masu kai kaya a fesa musu yashi su sani cewa ƙwayar da ta maƙale a hanyar mai za ta ƙare a cikin boris. In ba za ka iya wanke kowace kafa ba, haƙura da shi.

Alminiyam na zubi yana shan mai. Za ka ga ya bushe, amma da ya ji zafi sai man ya taso ya ɗaga fenti. Maganinsa a gasa sassan, bayan an cire roba, a wajen digiri 100 a ma'aunin Celsius na awa ɗaya, a goge abin da ya fito, a maimaita har ƙyalle ya dawo fari. Ba a tandar abinci ba. Daga nan goge da samfefa mai lamba 320 zuwa 400, ka naɗa ta a siririn katako don shiga tsakanin haƙarƙarin silinda, wato layukan ƙarfen jikinta masu fitar da zafi. Share da tina mai tsabta, kada ka ƙara taɓawa da hannu tsirara.

Rufe mazaunin gasket, ramukan kusoshi, lambar inji da inda wayar at (wayar lantarki da ake ɗaurewa a jikin inji) ke zama da salatif na takarda. Tsohon fulogi ya isa toshe raminsa.

Fentin gwangwani na gama-gari ba ya jure zafin kan silinda. Nemi na inji, wanda aka rubuta yana ɗaukar kusan digiri 260, da firaimarsa, wato shafin farko da ake fesawa kafin fenti, ta kamfani ɗaya. Bakin salansa ya fi haka zafi nesa ba kusa ba, nasa fentin daban ne. Fesa firaima a ranar da ka yi guga, saboda alminiyam na saurin yin wata fata da ke hana kamu.

Girgiza gwangwani minti 2, riƙe shi santimita 20 zuwa 30 daga ƙarfen, ƙofar gareji a buɗe, takunkumin tace tururi a fuska, babu wuta kusa. Shafi biyu marasa kauri, na uku ɗan cikakke, minti 10 tsakani. Fara da lungunan haƙarƙari, ta sama da ta ƙasa, kafin fili. In ka fara da fili, garin cika lungu fenti zai zuba. Kauri a nan ba ado ba ne, riƙe zafi yake yi. Yawancin irin wannan fenti yana son a gama duk shafi cikin awa ɗaya, in ya wuce a jira kwana 7, in ba haka ba sabon ya jiƙa na ƙasa ya tattare. Ƙananan ramuka zagayayyu alamar maiƙo ne ko silikon. Fenti mai garas-garas kuwa, ka yi nisa ne ko wurin ya yi zafi. In ya yi fari-fari, laima ce a iska.

Bushewa daban, nuna daban. Sai ya sha zafin kusan digiri 93 na awa ɗaya yake taurin da fetur ba zai narkar da shi ba. In babu tanda, zafin injin zai yi: bayan haɗawa, tayar da shi minti 10 da fanka na busa shi, bar shi ya huce sarai, ka ƙara sau biyu kana tsawaitawa. Kafin nan, toshe duk yoyon kafireta.

Wajen haɗawa, shafa mai a fistin da kam, ɗaure kan silinda a gicciye, mataki-mataki, da sifana mai awo. Kusa mai kaurin milimita 6 ba ta son ɗauri fiye da kusan Nm 10 (ma'aunin ƙarfin ɗauri a jikin sifanar) a alminiyam. Saita bawul inji na sanyi, ka juya shi da hannu zagaye biyu ka tabbatar alamar tayimin ta dawo daidai kafin ka taka kik.