Yadda ake kama kifin kokani da dare a tafkin Loon

Idan ka bar Spokane, a jihar Washington ta Amurka, ka kama hanya mai lamba 395 ka yi arewa tafiyar kamar minti 40, za ka tarar da tafkin Loon. Da rana a watan Yuli wurin na 'yan ninƙaya ne da masu gudu da jiragen ruwa. Da dare kuwa namu ne, mu masu fatsa. Za ka hango fitilu tsilli-tsilli a kan ruwa, kowace fitila ƙaramin jirgi ne da mutum biyu ko uku a ciki, sun yi tsit, kowa ya zuba wa bakin sandarsa ido. Kokani suke jira.

Kokani salmon ne, jinsin nan mai jan nama da ke girma a teku ya dawo kogi ya yi ƙwai, sai dai shi bai taɓa ganin teku ba. A tafki yake duk rayuwarsa, shekara 3 zuwa 4, sannan ya yi ƙwai ya mutu. Ba shi da wani girma, yawanci inci 10 ne zuwa 14. Wanda ya kafa tarihi an kama shi ne a tafkin Wallowa na jihar Oregon a 2010, ya ɗan haura kilo 4, amma kada ka sa ranka a irinsa. Daɗin nama ake bi, ba nauyi ba.

Ba ya farautar ƙananan kifaye. Abincinsa wasu 'yan mitsi-mitsin halittu ne masu yawo a ruwa, da ƙyar ido ke ganinsu. Su ne haske yake tarawa, kifin kuma ya biyo su garke guda. Duk wanda ya taɓa ganin masu atala, wato ragar da ake nutsawa a ɗago, a tafkin Kainji suna kunna fitila da dare don tara ƙananan kifi ya riga ya san dabarar, bambancin kawai mu da ƙugiya muke ɗaukar namu, ɗaya bayan ɗaya.

Kayan aikin ba su da yawa. Sanda ta zama siririya mai laushin baki, wadda ko ƙuda ya sauka a kanta za ta nuna. Zare mai ɗaukar laba 4 zuwa 6 ya isa. Ƙugiya ƙarama, lamba 6 ko 8, irin wadda aka shafa wa fenti mai ƙyalli a duhu, sai 'yar darma da za ta kai ta ƙasa. Fitila kuma irin korayen nan da ake nutsawa a ruwa, masu aiki da batir mai bolt 12. Ka zo mata da batir nata daban, kada ka jona ta a na injin jirgi, don ba abin da ya kai ka tashi tafiya ƙarfe ɗaya na dare inji ya ƙi tashi. Ka haɗa da tocila, da ragar kwasa mai dogon hannu, da kula cike da ƙanƙara, da rigar sanyi, domin ko a tsakiyar lokacin zafi kan ruwa yakan yi sanyi bayan sha biyu.

Batun doka kuwa ba wasa. Sai da lasisi daga hukumar kula da kifi da namun daji ta jihar, kuma sanda biyu sai da ƙarin izini. Kowane tafki da nasa adadin kifin da aka yarda mutum ya ɗauka a rana, ana kuma sauya shi, saboda haka ka duba littafin dokokin shekarar da kake ciki, ba na bara ba. Nan ne za ka ga ko an yarda a watsa abinci a ruwa don jawo kifi, abin da aka hana a yawancin ruwan jihar. Rigar ceto ɗaya ga kowane mutum, kuma jirgin da ya tsaya da dare dole ya kunna farar fitila da za a gani ta kowane gefe.

A Yuli rana ba ta faɗuwa a can sai wajen tara saura kwata, kuma hasken yamma yana daɗewa. Ni nakan yi magariba a bakin ruwa, in tura jirgi nan take, in sami kusan rabin awa ina ganin gabana. Wannan rabin awar ta neman wuri ce. Kokani yana son ruwa mai sanyin digiri 10 zuwa 12 a ma'aunin Salshiyos, shi ya sa da zafi ya kama yake barin sama ya koma ƙasa. A Loon mafi yawan masu fatsar dare suna tsayawa ne inda zurfi ya kai kamar ƙafa 30, wato wajen mita 9, suna ajiye ƙugiya dab da ƙasa. In kana da na'urar gano kifi, ka yi yawo a hankali har ka ga garke a allo. In ba ka da ita, ka dubi inda fitilun tsofaffin hannu suka taru, ka tsaya gefe. Amma ka bar tazara, kada ka je ka jefa anga a kan igiyar mutane, ka tarwatsa musu kifin da suka yi awa suna tarawa.

Anga biyu ake sawa, ɗaya a gaba ɗaya a baya, kuma a nan ne yawancin sababbi suke asarar darensu. Da anga ɗaya, iska kaɗan za ta riƙa juya jirgin, fitila tana yawo, zare yana karkata, ƙugiya tana hawa tana sauka ba da saninka ba. Ga yadda nake yi: in fuskanci inda iska ke fitowa, in wuce wurin da nake so da 'yar tazara, in saki angar gaba. Sai in bar jirgi ya ja baya ina sakin igiya har in wuce wurin ta ɗaya ɓangaren, in saki angar baya. Sannan in jawo igiyar gaba ina sassauta ta baya har in dawo tsakiya, in ɗaure duka biyun tamau. In ka saki ƙugiya ka ga zare ya miƙe sak, aiki ya yi. In ya karkata, sake ɗauri, ko da zai ci maka minti goma.

Daga nan ka nutsa fitila ƙafa biyu zuwa uku a gefen jirgi, ka zauna. Yakan ɗauki rabin awa, wani lokaci awa guda, kafin ka ga ruwan da ke kewaye da ita ya yi duhu-duhu da ƙananan halittun nan. Kada ka ƙosa ka ɗaga anga a wannan tsakanin. Daren da babu farin wata ya fi, don haskenka ba shi da abokin gasa.

Koto biyu ne kowa ya sani: tsutsar ƙuda, wadda ake sayarwa a shagunan kayan fatsa cikin 'yan gwangwanaye da garin katako, da farar masarar gwangwani mai ƙananan ƙwayoyi. Tsutsa biyu ko uku a ƙugiya, a soke su ta gindi don su ci gaba da motsi, ko ƙwayar masara ɗaya da tsutsa ɗaya. Wasu kan jiƙa masarar kwana guda a man kifin gwangwani ko tafarnuwa. Ni na fi yarda da tsutsa zalla, masarar nakan ƙara ne in dare ya yi shiru. Kada ka cika ƙugiya har tsininta ya ɓace. Ka kuma kula da hannunka: fetur da maganin sauro in sun taɓa koto, to ka gama. Ka shafa maganin tun a tudu, ka wanke hannu da sabulu kafin ka taɓa gwangwani.

Kafin ka saki ƙugiya, ka rufe ta a tafin hannu ka dalle ta da tocila na 'yan daƙiƙu har fentin ya ɗau haske. Ƙyallin yana dushewa, don haka duk bayan minti goma zuwa sha biyar ka ɗago ka sake haska ta, ka duba koton. Ka saki zare har darma ta taɓa ƙasa, ka juya keken naɗe zare da ke jikin sanda sau ɗaya ko biyu. In ba motsi, ƙara naɗi ɗaya, ka jira. Kifin nan a layi guda yake tafiya, ƙafa biyu sama ko ƙasa na iya raba mai cika kula da mai komawa hannu rabbana, alhali a jirgi ɗaya suke zaune. Idan ku biyu ne, kowa ya fara da zurfi daban. Wanda aka fara taɓawa ya faɗi naɗi nawa ya yi daga ƙasa, ɗayan ya koma daidai nan. Ni har alama nake yi wa zarena da baƙin alƙalami, don in koma wurin ba tare da ƙirge ba.

Cizon shi ne abin da ba a koya da baki. Kokani ba ya fizga. Wani lokaci bakin sanda zai yi rawa sau ɗaya, kaɗan ƙwarai, sai ka ce idonka ne. Wani lokaci kuma akasin haka: sandar da darma ta ɗan lanƙwasa sai ka ga ta miƙe, zare ya yi sako-sako, wato kifin ya ɗauki koto ya yi sama da shi. Wannan na biyun shi ya fi wuce mutane. Ka riƙe sandar a hannu, kada ka jingine ta, ka sa bakinta inda hasken fitila zai nuna maka shi, ka ɗora yatsa a kan zare. Nakan ɗaga ta a hankali kamar taƙi guda, in mayar, in tsaya cik. Galibi a tsayawar nan ake taɓawa. Duk abin da ka gani wanda bai yi kama da na ɗazu ba, ɗaga. In babu komai, ba ka yi asarar komai ba.

Ɗagawar kuma da wuyan hannu ake yi, ba da kafaɗa ba. Bakinsa laushi gare shi ƙwarai, in ka finciko da ƙarfi ƙugiya za ta yage leɓen ta fito. Da ka ji nauyi, ka riƙa naɗewa a hankali ba tsayawa, kada zare ya saki ko na daƙiƙa. Yana zuwa kusa da haske zai haukace, ya yi ta birgima yana tsalle, kuma nan ne aka fi rasa shi. Abokin tafiyarka ya riga ya nutsa raga a ruwa, kai ka jawo kifin kanta. Kada ka ɗaga shi sama da zare kana lilo da shi zuwa cikin jirgi. Kana cire ƙugiya ka sa sabon koto ka mayar nan take, don garken yakan zo ya wuce, sai a yi minti ashirin ana kamawa ba ƙaƙƙautawa, sannan a yi shiru kamar ba a taɓa yi ba. Ka rage buga ƙafa da jan kula a ƙasan jirgi, musamman in na ƙarfe ne.

Kowane kifi ya shigo, ka yanke jajayen gefen kansa ya zubar da jini, ka tura shi cikin ƙanƙara. Naman yana da taushi da maiƙo, in ya kwana a ruwan ɗumi kafin asuba ya saki. Daga ƙarshen Agusta zuwa Satumba manyan suna fara rikiɗa, jiki ya yi ja, kai ya yi kore, bakin namiji ya lanƙwashe, naman kuma ya rasa daɗi, don haka Yuli da farkon Agusta ne lokacin. A gida nakan tsaga su ta baya, in barbaɗa gishiri da ɗan sukari su kwana a firji, washegari in ƙyafe su a wuta mai sanyi na awa uku zuwa huɗu. Ƙananan kuwa ba sa jiran wannan: gishiri, barkono, mai kaɗan a kasko, minti uku kowane gefe.