Yadda ake amfani da konstan ɗin da PHP ta tanada, kafin shafinka ya mutu a saba

Duk Asabar nakan zauna da matasa masu koyon PHP a wani ɗan shago a unguwar Nima da ke Accra, kuma kusan kowane sabon zuwa rami ɗaya yake faɗawa: yana rubuta da hannu abin da PHP ta riga ta sani. Akwai sunayen da ta tanada tun kafin ka rubuta layi ɗaya, kowanne riƙe da ƙimar da ba ta canzawa har shirin ya gama gudana. Su ake kira konstan. Ba zan tsaya kan saka XAMPP, manhajar da ke ba ka damar gudanar da PHP a kwamfutarka, ba, na ɗauka ka wuce nan.

Fara da gano wace PHP ke gabanka. Buɗe fayil ka rubuta `echo PHP_VERSION;` ka duba a burauza. Babu alamar dala a gaban sunan, kuma da manyan baƙaƙe ake rubuta shi. Idan ka ɗora shafi a saba, wato kwamfutar da ke riƙe shafinka a intanet, sake yin wannan gwajin a can. Dalili kuwa, tun daga PHP 8.0 da ta fito a Nuwamba 2020, kuskuren harafi ɗaya a sunan konstan yana tsayar da shirin cak. A da can PHP takan ɗauki sunan a matsayin rubutu ta wuce. Tsofaffin darussan YouTube da yara ke ƙona data suna kallo, da yawansu na wancan zamanin ne.

Sai maganar alamar zance. Idan ka rubuta `echo "Sigar ita ce PHP_VERSION";` sunan kawai zai fito, ba lambar ba. Fitar da shi waje ka haɗa da ɗigo: `echo "Sigar ita ce " . PHP_VERSION;`

Yanzu ga inda na sha wuya, wato `__DIR__`. Layin ƙasa biyu ne a gaba, biyu a baya. Yana ba ka cikakkiyar hanyar foldar da fayil ɗin da aka rubuta shi a ciki yake zaune, kuma yana nan tun PHP 5.3 ta 2009, saboda haka babu wanda ke da uzuri.

Na taɓa yi wa wata hajiya mai sayar da atamfa ɗan shiri da zai riƙa haɗa mata jerin masu bashi kowace safiya. A saman fayil na sa `require '../saiti.php';` ya yi aiki a kwamfutata, ya yi aiki a burauza bayan na ɗora. Da na haɗa shi da cron, mai tayar da shiri a saba a lokacin da ka tsara, don ya riƙa tashi da kansa da asuba, sai shiru. Kwana biyu ina zargin masu saba, ga dumsor, wato ɗauke wuta, ga data na tafiya, hajiya kuma tana kira: "Malam, har yanzu ban ga komai ba fa." Ashe laifin nawa ne. Hanyar da ta fara da ɗigo biyu, PHP ba ta auna ta daga inda fayil ɗin yake, daga foldar da aka tayar da shirin take aunawa. Burauza ta tayar da shi daga wuri ɗaya, cron daga wani wurin daban, sai fayil ɗin saiti ya ɓace mata. Haka ma zai faru idan wani fayil daga wata folda ya jawo naka.

Gyaran layi ɗaya ne: `require __DIR__ . '/../saiti.php';`

Dubi karkatacciyar sandar da ke farkon rubutun da kyau. `__DIR__` ba ya zuwa da ita a ƙarshensa, kai za ka sa. In ka manta, sunan folda da na fayil za su manne su zama suna ɗaya da babu shi a duniya. Bayan ka gyara, kada ka tsaya a gwajin burauza. Buɗe tamina, wato tagar rubuta umarni, shiga wata folda can daban, ka tayar da fayil ɗin daga nan. In ya tashi, ka tsira. A ajina duk `require` da ba ta fara da `__DIR__` ba, ina sa a goge. Wasu za su ce ka yi amfani da `DIRECTORY_SEPARATOR` a maimakon sandar. Ni ba na wahalar da kaina, tunda PHP tana karɓar wannan sandar ko a Windows.

Sauran ba su da wuya. `PHP_EOL` sabon layi ne na fayil ko tamina, a burauza ba za ka ga ya sauko ba, can `<br>` ake sawa. `E_ALL` na nuna maka kowane kuskure lokacin gini, amma ka kashe nuna su a allo kafin kwastoma su shigo. `M_PI` ya fi 3.14 da ka haddace a makaranta cika. `PHP_INT_MAX` a kwamfuta mai bit 64 shi ne 9223372036854775807, don haka ajiye kuɗi a matsayin pesewa, lamba cikakkiya, ka raba da 100 sai lokacin nunawa.

Naka konstan ɗin kuma, `const PESEWA_A_SIDI = 100;` a fayil ɗin saiti ya wadatar. Duk lambar da za ta iya canzawa wata rana, ba ta suna a wuri ɗaya. E-Levy, harajin tura kuɗi ta waya a Ghana, ta fara da kashi 1.5 a Mayu 2022, ta koma kashi 1 a Janairu 2023, aka soke ta a 2025. Wanda ya watsa 0.015 a fayil goma ya yi farauta sau biyu, wanda ya rubuta `const HARAJIN_TURAWA` layi ɗaya ya taɓa.