Ku daina yi wa injin jirgi ƙwauron mai

Duk Lahadin da muka fita fili a bayan garin Garwa da jiragenmu na rimot, abu ɗaya nake gani. Sabon shiga ya tada inji, ya kama babbar allurar kafireta, wadda ke daidaita yawan man da inji ke sha, yana ta matsewa har ƙara ta cika fili, sai ya saki jirgi. Ƙannena, injin da ke irin wannan kuka ƙishirwa ce ke cinsa. Ba shi da tankin baƙin mai daban. Man da ke shafe fistin gauraye yake da metanol ɗin da yake sha, kashi 18 zuwa 20 cikin ɗari. Ka rage masa sha, ka rage masa shafawa.

Ni ma haka na kashe injina samfurin O.S. 46, wanda na yi watanni ina jiran isowarsa. Watan Afrilu ne, zafi ya haura digiri 40. Ina ɗaga hancin jirgin sama sai ɗif, ya faɗo cikin karan dawa. Da na kwance, fistin duk ya karce, zaren buji ya ƙone. Har yau in na tuna raina ɓaci yake, don wani dattijo ya ce mini in buɗe allurar, na ƙi ji.

Yanzu ga yadda nake yi: in matse kaɗan-kaɗan har gudu ya kai ƙarshe, sannan in koma baya taku uku ko huɗu, sai na ga hayaƙi na fita daga salansa. In ɗaga hancin jirgin tsaye na daƙiƙa goma. Muddin murya ta raunana, jirgi ba ya tashi sai na ƙara buɗewa. Wanda ya saita inji a Ngaundere, inda tudu ya haura mita 1,000, ya sake saiti in ya gangaro nan.

Sai masu murɗa allura duk sa'ad da inji ya yi tari. Haba! Ka duba tiyon mai tukuna mana. In ka ga kumfa na bin mai, iska ke shiga ta wani ƙaramin rami, ko ka kwana kana murɗawa ba zai saitu ba. Ƙaramar allurar silo kuwa, ni matse tiyo nake da yatsu: gudu ya ɗan ƙaru, ya mutu bayan daƙiƙa uku ko huɗu, shi ke nan, ban taɓa ta.

Jarkar mai a rufe ta gam, metanol na zuƙar laima, balle da damina a bakin Binuwai. Da hunturu, in an ajiye jirgi, a toshe bakin kafireta saboda ƙura. Tsakiyar tanki ta yi daidai da tsayin allura. In an tashi daga fili a cire tiyo, inji ya ƙone ragowar man cikinsa, a ɗiga masa man shafawa don kada ya yi tsatsa.

Kuma don Allah, daga bayan farfela ake miƙa hannu ga allura.